Yadda Ake Farautar Ɓoyayyen Akwati a Kewayen Tsohon Cocin Ƙauyen Eyam

Dubban tsofaffin majami'u a ƙauyukan Ingila suna da wani abu ɓoye a kusa da su wanda mai wucewa ba ya lura da shi: 'yar ƙaramar roba mai murfi, da takarda naɗe a cikinta, an cusa ta gindin shinge ko an manna ta bayan allon kwatance. Da gangan wani ya ajiye ta, ya sa lambobin GPS na wurin a intanet, domin duk mai sha'awa ya zo da wayarsa ya lalubo ta, ya sa hannu a takardar, ya mayar yadda ya tarar. Wannan shi ne wasan Geocaching. Ya samo asali ne a watan Mayun 2000, lokacin da gwamnatin Amurka ta daina rage ingancin GPS ga farar hula. Ranar 3 ga watan wani mutum mai suna Dave Ulmer ya ɓoye bokiti a jihar Oregon ya sanar da lambobin wurin, mutane suka je suka samo. Yau akwai irin waɗannan akwatuna sama da miliyan 3 a duniya.

A Birtaniya akwai jeri na musamman mai suna Church Micro, wanda aka fara a gundumar Surrey a 2007, yanzu kuma ya haura akwati dubu goma. Abin da ya sa nake son wannan jerin fiye da sauran shi ne, da yawa daga cikinsu ba sa ba ka lambar akwatin kai tsaye. Sai ka zagaya cocin, ka karanta shekarar da ke kan dutse, ka ƙirga tagogi, ka duba sunan da ke kan benci, sannan ka haɗa lambobin da kanka. Ta haka wasan yake tilasta maka ka karanta wurin a tsanake, abin da mai ɗaukar hoto ya wuce ba ya yi.

Zan bi da kai ta cocin St Lawrence da ke ƙauyen Eyam a gundumar Derbyshire, cikin yankin tsaunukan Peak District. In za ka tambayi hanya, mutanen wurin "Iim" suke cewa. Ga ɗalibi ko ma'aikacin da ke zaune a Sheffield ko Manchester tafiyar yini guda ce. Matakan kuma za su yi maka aiki a kowane ƙauye.

Tun daga gida

Buɗe asusu a shafin geocaching.com, kyauta ne. Zaɓi gajeren suna, domin shi za ka riƙa rubutawa a takardar da faɗinta bai kai yatsa ba. Sauke manhajar Geocaching a wayarka. Manhajar kyauta tana nuna maka akwatuna masu sauƙi ne kawai, amma a shafin intanet za ka ga sauran da ba na masu biyan kuɗi ba ne. Masu wayar Android da yawa suna amfani da wata manhajar mai suna c:geo.

Rubuta Eyam a wurin bincike, taswira za ta fito da alamomi masu launi. Kore na nufin akwatin yana daidai inda lambobin suka nuna. Ruwan lemo shi ne Multi, wato sai ka tattara bayani a wurin kafin ka san inda akwatin yake. Shuɗi mai alamar tambaya kacici-kacici ne, galibi a gida ake warware shi. Akwatuna suna zuwa suna tafiya, ana janye wani a kafa wani, don haka taswirar ranar da za ka fita ita ce abin dogaro.

A shafin kowane akwati duba abu huɗu. Na farko girmansa: wanda ake kira micro, wato ɗan ƙarami, bai kai mililita 100 ba, akwai ma wanda bai fi kan yatsa ba. Na biyu da na uku maki biyu ne daga 1 zuwa 5, ɗaya na wuyar ganowa, ɗaya na wuyar hanya. Sabon shiga ya tsaya a 2 zuwa ƙasa. Na huɗu, wanda mutane suka fi tsallakewa, shi ne rahoton waɗanda suka je kwanan nan. In ka ga mutum uku ko huɗu a jere sun rubuta DNF, ma'ana ba su samu ba, mai yiwuwa akwatin ya ɓace, kada ka ɓata kuɗin motarka a kansa.

Adana bayanan a waya ko ka ɗauki hoton shafin, domin sabis yana yankewa a kwarurrukan yankin. Kayan tafiya ba su da yawa: biro naka na kanka, tunda ƙananan akwatuna ba su da wurin ajiye biro, 'yar takarda ta lissafi, hantsaki na zaro naɗaɗɗiyar takarda, safar hannu, rigar ruwa ko da gari ya waye tas, takalmin da ba ya tsoron taɓo, da abin cajin waya, don GPS na shan batir. Ɗauki guzurinka da dardumar sallarka, ba kasafai ake samun masallaci ko naman halal a irin waɗannan ƙauyuka ba. Akwai bas daga Sheffield zuwa Eyam, tashar jirgin ƙasa ta Grindleford ma ba ta da nisa sosai. Mai mota zai sami wurin ajiyewa a titin Hawkhill, daura da gidan tarihin ƙauyen.

Ka san inda za ka taka

Bai kamata mutum ya shiga harabar wannan coci yana laluben lambobi ba tare da ya san abin da ya faru a nan ba. A ƙarshen bazarar 1665 aka kawo wa telan ƙauyen ƙunshin yadi daga Landan, inda annoba ke cin mutane. Yadin na ɗauke da ƙuma. Mataimakin telan, George Viccars, shi ya kwance ƙunshin, kuma shi ne farkon wanda ya mutu, a watan Satumba. Cutar ta lafa da sanyi, ta dawo da ƙarfi da zafi ya shigo.

A tsakiyar 1666 limamin cocin, William Mompesson, tare da wanda ya taɓa riƙe kujerar kafin shi, Thomas Stanley, suka shawo kan jama'a a kan abu uku: ba mai fita daga ƙauyen ko shigowa cikinsa, kowane gida ya binne mamacinsa da kansa, ibada kuma a koma yin ta a fili, a wani kwari da ake kira Cucklett Delf, kowane iyali nesa da ɗan'uwansa. Maƙwabta suna ajiye musu abinci a bakin iyaka, su kuma su bar kuɗi a cikin ruwan khal, da nufin kada cutar ta bi kuɗin. Kafin annobar ta ƙare a Nuwamban 1666, aƙalla mutum 260 sun mutu, cikinsu har da Catherine, matar Mompesson, wadda ta ƙi barin mijinta. Musulmin da ya ji wannan labari dole ya tuna hadisin nan na Manzon Allah (SAW) da ya ce in annoba ta ɓarke a ƙasa kada a shige ta, wanda ke ciki kuma kada ya fita. Mutanen Eyam sun ga mutuwa ƙiri-ƙiri suka zauna, don kada su kai wa garuruwan da ke kewaye da su.

Har gobe ana tunawa da su ranar Lahadin ƙarshe ta watan Agusta. Wannan rana ba ta farauta ba ce. Haka ma safiyar kowace Lahadi, ko in ka tarar ana jana'iza ko ɗaurin aure. Ka juya ka nemi wani akwatin, ka dawo daga baya.

Tattara lambobi a harabar coci

Abu na farko da za ka riƙe: a Birtaniya ba a sa akwati a cikin harabar coci sai da izinin masu cocin. Shi ya sa akasarin akwatunan wannan jeri suna waje, a bakin hanya ko ɗan gaba kaɗan, bayanin kawai ake ɗauka a ciki. Saboda haka a harabar idonka ne zai yi aiki, hannunka ya zauna a aljihu. Ba ɗaga dutse, ba janye furen da aka ajiye wa mamaci, ba kankare gansakuka daga kan kabari don ka ga lamba. Bi ta kan hanyar da aka shimfiɗa, in ta kama ka ratsa ciyawa, ratsa tsakanin kaburbura.

Karanta tambayoyin duka tun daga bakin ƙofa, sannan ka zagaya ginin sau ɗaya ba tare da ka rubuta komai ba. Wannan zagayen yana rage wahala ƙwarai, domin za ka san inda komai yake. A Eyam ga abubuwan da za su tare maka ido, kuma irinsu ne masu kafa akwati suke gina tambaya a kai.

Akwai tsohon gicciyen dutse na zamanin Anglo-Saxon, mutanen Ingila na dā, ya haura shekara dubu, ya girmi ginin cocin kansa. Matsa kusa ka duba sassaƙar: reshen inabi yana murɗawa yana hawa, a sama kuma mala'iku. Za ka lura kan gicciyen ya zauna a kan jikin kamar bai dace ba, saboda wani yanki na saman jikin ya ɓata tun da daɗewa. Kusa da shi kabarin Catherine Mompesson yake, mai siffar akwatin dutse, da rubutun Latin. A bangon kudu akwai babban agogon rana na 1775, wanda bayan sa'o'i yake ɗauke da layuka da sunayen birane masu nisa. Ana iya tsayawa a gabansa minti goma ba a gama karanta shi ba. A cikin maƙabartar kuma akwai kabarin Harry Bagshaw, ɗan wasan kurket da ya mutu a 1927, an sassaƙa masa sanda da ƙwallo da yatsan alƙalin wasa a ɗage.

Shiga cikin ginin zaɓinka ne, yawancin tambayoyi a waje suke. Wanda ya shiga zai ga tagar gilashi mai launi da ke ba da labarin annobar, da kundin sunayen waɗanda suka mutu. Ba a cire takalmi, maza sukan cire hula, ana rage murya. Akwai akwatin taimako na gyaran gini ga mai niyya.

Tsofaffin duwatsu suna yaudarar ido. Ruwan sama ya cinye su, 3 takan koma kamar 8, 1 kamar 7. Dabarar ita ce ka haska fitilar waya daga gefe, kusan a kwance da dutsen, inuwa za ta fito da ramin rubutun. Ɗauki hoton duk abin da ka karanta, don in lissafi ya ƙi ba sai ka dawo ba. Kula kuma da abin da aka tambaya: shekarar haihuwa ce ko ta mutuwa, tagogin bango ɗaya ne ko har da na hasumiya. A irin wannan wuri ne akasarin kuskure yake shigowa.

Lissafin

Lambobin wasan suna zuwa da digiri da minti da lambobi uku bayan ɗigo. Eyam tana wajen N 53° 17 da W 001° 40, don haka lambobi uku na bayan ɗigo ne ake sa ka nemo. Ga misali na koyo kawai, babu akwati a inda zai nuna. A ce an ce shekarar agogon rana ita ce ABCD, ka ga A=1, B=7, C=7, D=5. Sai a ba ka:

N 53° 17.(A)(B−D)(C+A)
W 001° 40.(D)(C−A)(B−D)

Kowane baka lamba ɗaya yake bayarwa, jera su ake yi, ba a ninka su. Na arewa zai zama 1, 2, 8, wato N 53° 17.128. Na yamma 5, 6, 2, wato W 001° 40.562. Shigar da su a manhaja a matsayin sabon zango.

Kafin ka ɗaga ƙafa, dubi inda alamar ta faɗa a taswira. In ta faɗa tsakiyar gonar wani ko kan rufin gida, lissafinka ne da gyara. Kuskuren ɗaya a lambar ƙarshe ta arewa bai kai mita 2 ba, ba zai hana ka samu ba. Kuskuren ɗaya a lambar farko bayan ɗigo kuwa mita 185 ne. Wanda ya saba da lambobin Najeriya ko Nijar, inda komai E ne, wato gabas, ya kula sosai: Eyam yamma take da layin Greenwich. Ka sa E a madadin W, wayarka za ta tura ka sama da kilomita 200, cikin teku. Wasu masu akwati suna ba da jimillar lambobin don ka gwada amsarka, in akwai yi amfani da ita.

Mita goma na ƙarshe

Bi kibiya har nisa ya sauko ƙasa da mita goma, sannan ka sa wayar a aljihu. GPS na waya yana kuskuren 'yan mitoci, ƙarƙashin bishiya ko kusa da dogon bango ma ya fi haka, kuma wanda ya ɓoye akwatin shi ma da nasa kuskuren ya auna. Masu zagaye wuri ɗaya ido a kan allo su ne suke daɗewa ba su samu ba.

Tsaya ka tambayi kanka: da ni ne, ina zan ɓoye? Nemi abin da bai dace da wurin ba. Tarin ƙirare da aka jera su bai ɗaya, iska ba ta jera itace haka. Dutse guda a gindin turke. Ƙusa ɗaya da ta fi 'yan'uwanta sabunta. Shafa bayan allon ƙarfe da ƙarƙashin benci, da yawa mayen ƙarfe ne ke riƙe da su. In ya gagara, buɗe matashiyar da mai akwatin ya bari. A shafin intanet a juye take, kowane harafi an musanya shi da na 13 a gabansa, A ta zama N, B ta zama O, amma dannawa ɗaya ke warware ta. In ka ga ICT, bishiyar da ciyawa mai yaɗo ta lulluɓe ake nufi.

Dokoki biyu za su hana ka ɓarna. Ba a binne akwati, don haka babu haƙa. Ba a kuma sa shi a katangar dutse irin wadda aka jera ba siminti ba laka, wadda ta cika wannan yanki. Zare dutse ɗaya na iya rusa aikin da ya shekara ɗaruruwa a tsaye, kuma manomi ne zai biya gyara. Ko kibiya ta nuna katangar, duba turke ko bishiyar da ke gefenta.

Sa safar hannu kafin ka cusa hannu a ciyawa. Akwai wata mai ganye kamar zarto da ke harbi, zafinta kan ɗauki sa'o'i, ga kuma ƙaya.

Sai maganar idon jama'a, wadda nake ganin ta fi shafar mu. Baƙon da ke laluben gindin shinge a ƙaramin ƙauye dole a kalle shi. 'Yan wasan suna son a yi abin a ɓoye don kada wanda bai san wasan ba ya ɗauke akwatin, amma ɓoyon kada ya kai ka ga abin zargi. A 2011 an rufe wani titi a garin Wetherby, masu kwance bam suka tarwatsa wani akwatin wasan, saboda an ga mutum yana ajiye shi a sace. In ana kallonka, dakata har a wuce. In an tambaye ka, gaisa, faɗi gaskiya, nuna manhajar. Da yawa sun san wasan, wani ma zai yi murmushi ya nuna maka wajen da ido.

In ka samu, matsa 'yan taku daga maɓoyar kafin ka buɗe. Rubuta kwanan wata da sunanka a layi na gaba, ƙanana. Naɗe takardar tamau, ka fara sa ta cikin murfi sannan ka rufe, ta haka ba ta cijewa. A manyan akwatuna akan sami 'yan kayan wasa: ka ɗauki ɗaya, ka ajiye wanda ya kai shi ko ya fi shi, ban da abinci. In ka ga wani abu mai lambar bibiya a jikinsa, ba kyauta ba ne, matafiyi ne, mai shi yana so a kai shi wani akwatin. Wanda ba zai sake fita kwanan nan ba ya bar shi. Mayar da akwatin daidai inda yake, ko da kana ganin ka san wurin da ya fi.

In da sauran rana

Kada ka tsaya a coci kaɗai. 'Yan taku daga nan gidajen da annobar ta fara suke, da alluna a gabansu ɗauke da sunayen mamatan kowane gida. Mutane na zaune a ciki har yanzu, daga bakin titi ake karantawa. Hanyar ƙafa da ta nufi Stoney Middleton za ta kai ka ga dutsen iyaka, mai ramuka shida a kansa inda ake zuba ruwan khal a jefa kuɗi. A gabashin ƙauyen, tsakiyar wani fili, akwai kaburburan Riley, inda Elizabeth Hancock ta binne mijinta da 'ya'yanta shida cikin kwana takwas a Agustan 1666. A can sama ta arewa kuma akwai rijiyar Mompesson, wani wurin ajiye abincin. Duba taswirarka, hanyoyin ƙafa irin waɗannan su ne inda masu kafa akwati suka fi so.

Hanyoyin suna ratsa gonakin mutane, doka ce ta ba ka izinin wucewa, a kan hanyar kawai. Bi kibiya mai ruwan ɗorawa. Ƙofar da ka tarar a rufe ka rufe ta, wadda ka tarar a buɗe ka bar ta. Kada ka shiga tsakanin saniya da ɗanta. Taswirar Ordnance Survey mai lamba OL24 ta nuna hanyoyin duka. A watan Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, ka kuma san lokacin bas na ƙarshe tun da safe.

Da ka koma gida duba ƙafafunka da bayan gwiwa saboda kaska, tana iya ɗauke da cutar Lyme. Sannan ka rubuta rahotonka a manhaja. Mutane da yawa TFTC kawai suke sawa, wato godiya a taƙaice, amma wanda ya kafa akwatin sa kai yake yi, shi ke zuwa cikin ruwa da sanyi yana canza takarda, layi biyu ko uku kan abin da ka gani a cocin ba su yi masa yawa ba. Kada ka faɗi maɓoyar, kada ka sa hoton da ke nuna amsar tambayoyin. In takardar ta jiƙe ko murfin ya fashe, sanar da shi ta wurin neman gyara. In kuma ba ka samu ba, rubuta DNF ɗinka tare da tsawon lokacin da ka yi kana nema, domin da irin wannan rahoto ne mai akwatin yake gane lokacin zuwa dubawa ya yi.